Faifan da Lawali Bai Gwada Ba

Asabar, 7 ga Oktoba 2000, bayan la'asar

Osman ya sauko daga motar Hartum yau, da jakarsa da surutunsa. Shi ke kawo mana faya-fayan wasan atari daga Omdurman, ni da sauran masu rumfunan kayan wuta a kasuwar Gadarif. Ko gaisuwar kirki bai gama ba ya zaro faifai ɗaya ya ɗora min a cinya.

"Ya Gado, wannan jadid ne, sabo dal, ko ledarsa ba a ɓare ba. Faɗa ne, mutum da mutum. Wallahi a Jidda yara har yaga wa juna riga suke a kansa."

Haka ya ce bara a kan na tseren motoci. Ga su can ƙarƙashin kanta, ko ɓeraye sun ƙi taɓa su.

Rubutun jikin kwalin ba Larabci ba ne, ba boko ba ne, ban san na waɗanne mutane ba ne. Akwai wani ƙato da jar ɗamara ya ɗaga ƙafa sama, da mata biyu a bayansa waɗanda tela ya yi wa rowar yadi. Na sa masa suna Mai Jar Ɗamara, tunda dai sai an kira shi da wani abu.

Abin da Osman yake so shi ne in gaya masa zai sayu ko ba zai sayu ba, don ya san yawan da zai yi oda kafin a fara yankan riɗi. Kasuwar garin nan riɗi ke buɗe ta, riɗi ke rufe ta. In aka yanke, leburori suka dawo daga Fashaga da Doka aljihu da nauyi, manoma suka saki hannu ga 'ya'yansu, to a 'yan makonnin nan ake sayar da abin da za a sayar. Abin da ya yi kwantai bayan nan sai baɗi, in ma baɗin ta so shi.

Na ce masa sai Lawali ya gwada.

Ya waiga ya dubi bencin da ke bayan rumfa, gaban talabijin. Ya ce, "Lissa?" Na ce har yanzu. Ya ce malesh, ya koma kan shayinsa.

Duk layin nan sun san ba ni ne mai idon ba, ƙanena Lawali ne, autan Inna. Yana da yadda yake yi. Sabon faifan faɗa in ya zo, sai ya riƙe hannun atari ya bari a doke shi da gangan. Yakan ce, "Yaya, ba a gane wasan faɗa a wurin cin nasara. A lallasa ka tukuna. In ka ji haushi har yatsunka na ƙaiƙayin sakewa, saya da yawa. In ka ji ba komai, mayar wa Osman kayansa." Bai taɓa sa ni asara ba.

Tun ranar da motar masu kaki ta tare tashar Doka gaba da baya ta kwashe duk wanda gemu ya fara tsiro wa, har da Lawali, bencin nan ba wanda ya zauna a gefen da yake zama. Sun ce horo ne kawai, kafin yankan riɗi za su sako su. Su suka faɗa da bakinsu a gaban iyaye. Na sa faifan a aljihun kanta na kulle.

Lahadi, 8 ga Oktoba, da hantsi

Ba labari.

Litinin, 9 ga Oktoba, bayan azahar

Abdelrahman na lajna ya zo, wato shugaban kwamitin unguwarmu, mai gyararren gemu da tabon sallar da ya fito masa a shekarar da ya samu kujera.

"Ustaz Gado, gobe bayan la'asar. Manyan lasifika biyu, da makirfo, da janareto. Akwai farah, biki za a yi."

Ban tambaye shi gidan wa ba, don ba ya faɗa. Ban da faifai ina ba da hayar lasifika, ta aure da suna da saukar karatu. Shekarun nan an ƙaro mana wani irin biki wanda lajna ke shiryawa, masu gida kuwa su ne na ƙarshen sani. Sai dai su ji ganga a ƙofa.

Zan rubuta abin da na ji da na hango shi ya nufo rumfata, tunda ba mai karantawa. Sanyi na ji a raina. Duk rashin ta-idonsa ba zai ɗauki lasifikata ya kafa a ƙofar uwata ba. Muddin wurina yake zuwa haya, to gidan wani ne. Ga abin da suka mai da ni, mutumin da ke murnar ganin Abdelrahman.

Talata, 10 ga Oktoba, bayan magariba

Gidan Atika ne, mai shayin bakin layinmu.

Na bi keken jaki da kayan har ya tsaya, sai na ga ƙofarta. Tana ciki tana wanke kofuna, ba ta san komai ba. Suka zo da masu ganga da tuta da buhun sukari da na fulawa da galan na mai. Ni na haɗa wayoyin, ni na busa makirfo na ga yana aiki. Abdelrahman ya karɓa ya ce mabruk, mabruk ga uwar ango, yau ɗanta Jamilu yana can ana ɗaura masa aure da waɗanda ido bai taɓa gani ba. Ba makara, ba kabari, ba ko takalminsa. Ya ce kuka bai dace da ranar farin ciki ba, ta yi guɗa.

Suka kanga mata makirfo a baki. Ta yi. Tsakiyar guɗar muryar ta karye ta zama wani abu daban, lasifikata kuwa sabuwa ce, ta kai shi har bayan masallaci ba tare da ta rage komai ba. Wani daga cikin 'yan lajna ya dafa ni ya ce kayana suna da kyau.

Mota ɗaya ta ɗauki Jamilu da Lawali. Ban yi wa Inna zancen ba, ita ma ba ta yi min ba. Na tarar da ita tana tsince duwatsu daga waken da ta riga ta tsince jiya.

Alhamis, 12 ga Oktoba, da safe

Na tare direban da ke zuwa Fashaga na tambaye shi riɗi. Ya ce da saura, ganyen ƙasa ne kawai ya fara rawaya. Na ji haushi, kamar shi ya hana shi nuna.

Asabar, 14 ga Oktoba, bayan la'asar

Osman bakinsa ba ya riƙe ruwa, yanzu duk layi sun san akwai sabon faifai a kantata. Kowa ya zama masani. Mai gyaran rediyo ya ce ba zai sayu ba saboda ba ƙwallo a ciki. Mai ɗinkin katifa, wanda ko rediyo bai iya kunnawa ba, ya ce zai sayu saboda jan launi yana jan ido. Shi kuwa Ishaku, da rumfarsa ke kallon tawa, wanda in na yi atishawa sai ya yi odar irinta, ya tsallako da kansa.

"Gado, ka bari in gani mana. An ce har jini ake gani in an naushi mutum."

"An ce."

"To ai shi ke nan, zai sayu. Yara jini suke so. Me kake jira?"

Na dube shi har sai da ya tuna abin da nake jira. Ya sosa ƙeya ya ce Allah Ya kawo shi lafiya, ya koma. Ishaku ba mugu ba ne, kansa ne dai ba ya ɗaukar abu biyu lokaci guda.

Na fito da kwalin na yi masa aikin da muke yi wa kowane kwali kafin ya hau kanta. Na ɗauki baƙin alƙalami mai kauri na rufe wa matan nan cinyoyi da hannuwa da wuya, har na zana musu ɗan mayafi. In ba haka ba masu sintirin tarbiyya su shigo su kwashe kaya su haɗa da ni. Cinyar zane a kan kwali, wannan ita ce babbar barazana ga al'umma. Ita ake kiyaye yaranmu daga gani. Na shafa baƙin da ƙarfi har alƙalamin ya huda takardar.

Litinin, 16 ga Oktoba, kafin azahar

Ba labari. Abdelrahman ya zo haya, na gobe. Na ba shi.

Laraba, 18 ga Oktoba, bayan azahar

Na rufe rumfa na je ofishin masu kaki. Na zauna a rana tare da sauran masu jira, yawanci tsofaffi, har aka kira ni wurin wani yaro mai tauraro a kafaɗa yana cin wake da burodi. Bai ɗago ba.

"Suna tadrib, ya hajj."

Na ce wane irin horo ne wannan da ba ya ƙarewa, kuma an ce kafin riɗi. Ya ce riɗi ba na cikin aikinsa. Na ce to suna ina? Ya ce suna inda ake bukatarsu, suna lafiya, nama suke ci kullum. Na waje mai gadin ƙofa ya ce min Kudu. Wani tsoho da muka fito tare ya ce shi an gaya masa Gabas. Na dawo da wurare biyu da ba ni da su da safe, ban san wanda zan kai wa Inna ba. Nama na kai mata. Na ce an ce nama suke ci kullum.

Ta ce, "Lawali ba ya son kitse."

Juma'a, 20 ga Oktoba, bayan saukowa

Liman ya yi huɗuba a kan haƙuri da sadaukarwa. Abdelrahman yana sahun gaba yana gyaɗa kai. Ɗansa babba yana Indiya yana karatun haɗa magunguna. An sako wasu a makon nan, na gan su a masallaci da sabon aski, duka 'ya'yan masu tarakta ne da manyan gonaki. Ashe duk ciwon ƙirji gare su, likita ya tabbatar. Mu da kakanninmu suka taka ƙasa daga yamma za su Makka suka yada zango a nan, ƙirjinmu lafiya lau yake, Allah Ya yi mana wannan baiwar.

Inna ta wanke jallabiyarsa ta goge ta rataye, kamar kowace Juma'a.

Lahadi, 22 ga Oktoba, da hantsi

Osman ya bugo waya shagon tarho na kusa da mu, aka aiko a kira ni.

"Ya zol, ni ma fa ina da wanda ke matsa min. Ka ce aiwa ko la', e ko a'a. Ko kai ka gwada da kanka mana, hannu ba ka da shi?"

Na ce ya ba ni mako. Ya ce mako ɗaya, halas.

Da na dawo na ɓare ledar. Ban so ba, amma na ɓare. Na zauna a nawa gefen bencin na kunna. Wasan yana da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Mutanen suna motsi kamar na gaske, mai jar ɗamarar in ya yi tsalle har rigarsa kaɗawa take. Na yi yadda Lawali yake yi, na saki hannu na bari wani ɗan siriri mai sanda ya yi ta dukana har na faɗi. Na zauna ina sauraron kaina, ko zan ji haushi.

Ban ji komai ba. To amma kwanakin nan ko shayi ba na jin ɗanɗanonsa, don haka gwajin bai yi ba. Na mayar da faifan.

Talata, 24 ga Oktoba, da safe

Direban Fashaga ya ƙwala min kira daga nesa, wai albishir, riɗi ya kusa, kwansonsa ya fara bushewa. Yau na kama kaina ina roƙon kada ya nuna. Muddin ba a yanka ba, alƙawarinsu bai zama ƙarya ba tukuna.

Laraba, 25 ga Oktoba, bayan la'asar

Atika ta dawo bakin aikinta. Ta kafa murhunta da 'yan kujerunta kamar ba abin da ya faru, ta rame har ɗankwalin ya yi mata yawa. Mutane suka yi ta kewaye wurin, ba wanda ya san gaisuwar da zai yi mata. In ka ce Allah Ya ji ƙansa, lajna ta ce ba a mutu ba. In ka ce mabruk, kai ba mutum ba ne.

Na je na zauna. Ta zuba min shayi ba ta tambaye ni ba, ta cika masa sukari har cokali na tsayawa.

Na ce, "Yaya Atika, ya yi yawa."

"Sha, Gado. Na bikin Jamilu ne. Buhu guda suka kawo, ni kaɗai yaushe zan shanye? Kowa a layin nan sai ya sha."

Na shanye. Da zan tashi ta riƙe min bakin riga ta ce, "Naku fa?" Na ce ba labari. Ta ce, "Rashin labari ma arziki ne, ka riƙe shi da kyau."

Alhamis, 26 ga Oktoba, da hantsi

Ba labari.

Asabar, 28 ga Oktoba, bayan azahar

An fara yanka. Tun asuba manyan motoci ke ɗibar leburori a bakin kasuwa, masu gonaki na ta ihun a yi sauri, don riɗi in ya nuna ba a yanke ba fashewa yake ya zube a ƙasa. Garin ya cika da baƙin fuska da ƙarar inji. Kowa yana da wurin zuwa.

Inna ta fitar da kujera ƙofar gida. Duk motar da ta rage gudu sai ta miƙe.

Litinin, 30 ga Oktoba, bayan la'asar

Abdelrahman bai zo haya ba yau mako biyu. Wataƙila bukukuwan sun ƙare. Wataƙila janareton lajna ne suka gyara. Na yi ta goge lasifikun da ba su da ƙura.

Laraba, 1 ga Nuwamba, da azahar

Abdelrahman ya shigo layi da hantsi. Na gan shi tun daga wurin masu katifa, har na miƙe na fara janyo wayoyi. Ya zo daidai rumfata ya sami abin kallo a sama. Ya tsallaka wurin Ishaku.

Lasifikar Ishaku shaƙaƙƙiya ce, kowa ya sani. Ɗaya ma da igiya aka ɗaure mata baya. Ba mai ɗaukarta sai wanda ya zo ya tarar tawa ta fita, tawa kuwa ga su nan jere a gabana.

Suka yi magana ƙasa-ƙasa. Ishaku ya ɗago ya dube ni sau ɗaya ya sunkuyar da kai, bai ƙara ɗagowa ba har mutumin ya fita ta ɗaya bakin layin, ta wurin masu gawayi, hanyar da ba ta kai shi ko'ina.

Ina nan tsaye da waya a hannu sai ga Osman, ya biyo motar dare don ya ji amsa da kunnensa. Ya fara, "Ya Gado, mako ya cika, Lawali ya..." Na katse shi.

"Ba zai sayu ba."

"Ka tabbata? Wa ya gwada?"

"Ba sai an gwada ba. Leƙa bayan rumfar nan ka gaya min wa ka gani. Wa zai saya? Masu sayen wasan faɗa duk an ba su na gaske kyauta. Je ka bi unguwa gida-gida, in ka sami saurayin da zai riƙe hannun atari ka kawo min shi in gani. Ɗauki faifanka."

Ya buɗe baki zai yi gardama, sai ya dubi fuskata, ya dubi Ishaku da ke fito da lasifika yana gwadawa. Osman ɗan kasuwa ne, ba ya bukatar a karanta masa. Ya ce la haula, ya rungume ni. Na tsaya kamar icce har ya sake ni. Daga baya na ga ya shiga wurin Ishaku da jakarsa, don shi ma yana da iyali.

Laraba, bayan la'asar

Na koma gida da rana tsaka. Inna tana kan kujerarta a ƙofa.

"Ka rufe rumfa yanzu?"

"An ɗauke wuta, Inna."

Ta daɗe tana kallona. Fankar maƙwabta tana juyawa, muna jin ƙararta mu biyu. Ta ce to. Ta ɗauki kujerar ta shigar da ita ciki. Can sai na ji tana aika a kira mata matan layi, wai gobe akwai girki, a zo da manyan tukwane. Ta ce in je in sayo rago. Na ce Inna. Ta ce, "Ka ji abin da na ce."

Na sayo.

Alhamis, 2 ga Nuwamba, bayan magariba

Sun zo.

Ganga, tuta, sukari, fulawa, mai. Ishaku yana haɗa waya, ya kasa gane ja da baƙi, sai da na karɓa na haɗa masa. Sun zaci za su tarar da tsohuwa tana wanke-wanke. Suka tarar da tsakar gida a share, an shimfiɗa tabarmi, manyan tire na abinci a jere an rufe su da faifai, Inna na zaune a tsakiya cikin tob, lafayarta ta zuwa Makka, da lalle a ƙafa. Abdelrahman ya ɗan yi turus, sannan ya washe baki, ya ce ga uwa ta gari, ga abin koyi.

Ya yi jawabinsa. Lasifikar tana cinye rabin kalmomin, na gode mata. Da ya gama ya sunkuya ya miƙa makirfo.

"Ya Hajja, mabruk. Zagarid, a ji guɗar uwar ango."

Inna ba ta dubi makirfon ba. Ta yi magana da muryarta ta kullum, amma abin yana kusa da bakinta, don haka duk unguwa ta ji.

"Abdelrahman, na gode da kuka zo. A gidanmu ba a guɗa sai an ga ango. Ba a buɗe abinci kuma sai ya shigo ya durƙusa ya gaida uwarsa. Haka aka yi wa ubansa, haka aka yi wa yayansa. Ku zauna, ga tabarma. Mu jira shi."

Ya yi 'yar dariya ya ce, "Ya Hajja, ango yana wurin da ya fi nan."

"Ku kuka san wurin, ku kuka kai shi. Ku je ku zo min da shi, ko a kan makara ne, in ga fuskarsa in yi muku guɗar da ba ku taɓa ji ba. Ba na sauri."

Ba wanda ya san yadda ake fita daga wannan. Suka zauna, don an ce su zauna a gaban jama'a. Masu ganga suka kife gangunansu a cinya. Ƙanshin naman ya cika gidan, ƙuda na yawo a kan faifan rufi, ba hannun da ya miƙa. Atika ta taso daga cikin mata ta zauna gefen Inna ta riƙe mata hannu. Wani ɗan lajna ya ce ko a ɗan yi waƙa kafin nan, ba wanda ya amsa masa. Inuwa ta tashi daga wannan bango ta koma wancan. Duk wanda ya motsa zai tashi sai Inna ta ce, "Ina za ka, ɗana? Ango bai iso ba." Sai ya koma ya zauna.

Kiran magariba ne ya cece su. Suka fita sallah, ba wanda ya dawo. Mai riƙe da tuta ma a jingine ya bar ta.

Na tambayi Abdelrahman a bakin ƙofa, a ina ne, yaushe ne. Ya ce shi ma abin da aka gaya masa ke nan, bai san komai ba. Na yarda da shi, abin da ya fi ci min rai ke nan.

Juma'a, 3 ga Nuwamba, da safe

Ta hana a buɗe tiren. Ta hana a yi zaman makoki, ta ce su suka ce biki ne. Abincin ya fara wari, na kwashe da asuba na kai bayan gari. Ba ta tambaya ba.

Lahadi, 5 ga Nuwamba, da hantsi

Mutane na zuwa suna zama suna tashi. Ba wanda ya san gaisuwar da zai yi min.

Laraba, 8 ga Nuwamba, bayan azahar

Na mayar wa lajna sukarinsu da fulawarsu a keken jaki. Abdelrahman ya aiko a tambaya ko lasifikata na nan ranar Asabar. Na ce a gaya masa sun lalace. Da ɗan aiken ya tafi na ɗauki sukudireba na sa maganar ta zama gaskiya.

Asabar, 18 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na buɗe rumfa yau, don zaman gida ya fi ƙarfina. Na kasa shiga sai da na ratsa mutane. Layi ne tun daga ƙofar Ishaku har wurin mai shayi. Kuɗin riɗi ya shigo gari, kayan Osman sun iso shekaranjiya, Mai Jar Ɗamara ya tashi kasuwa. Waɗanda ba su da atari a gida suna biya su buga a bencin Ishaku, waɗanda aka doke suna fitowa suna huci suna komawa bayan layi. Ishaku ya riga ya buga wa Osman waya a ƙaro. Da ya gan ni ya so ya ɓoye murnarsa, bai iya ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Na ce ba zai sayu ba, na yi kuskure. Na lissafa waɗanda aka kwashe na manta suna da ƙanne. Ga su nan, waɗanda bara ake kora daga bayan benci saboda suna tare wa manya haske, duk sun yi tsawo a damina ɗaya, murya ta fara buɗewa. Har da ƙanin Jamilu, da rigar yayansa a jikinsa, ta kusa yi masa daidai.

Abdelrahman bai manta da su ba. Ya shigo layin yana tafiya a hankali gefen yaran, hannu a baya, yana murmushi kamar manomi a bakin gonarsa. Ya tsaya kan ƙanin Jamilu ya shafa kansa.

"Masha Allah, ka zama rajil, cikakken namiji. Shekarunka nawa yanzu?"

Na san shekarun yaron, ni na kai lasifika ranar sunansa. Ya miƙe ƙirji, ya ƙara shekara ɗaya a kai don a ce ya girma.